Inna, Wani Ne Ke Ɗaukar Wayarki Yanzu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Tasalla. Bayan sallama da gaisuwa irin wadda ta dace da ke, 'yarki Rabi ce daga Dutsin-Ma, da labarin da ba zai ba ki mamaki ba: na sake yar da waya.

Kin san halina. Shi ya sa lokacin da na buɗe imel, aka ce in sa lambar da za a riƙa turo wa lambobi shida na tabbatar da cewa ni ce, sai na sa taki. Wayarki ba ta taɓa barin bakin zanenki ba. Kullum cewa kike, “Rabi, ke ko kanki aka ba ki ajiya sai kin manta shi a mota.”

A imel ɗin nan na adana muryarki, wadda na ɗauka a Kurfi kina tsince kalwa kina lissafa mini dangi. Ba ta ko'ina sai can.

Da kika rasu, Kawu Sule ya kulle kayanki a akwati, har da wayar, ya ce ba mai taɓa ko allura sai an raba gado. Duk muka ce gaskiya ne. Sai da aka shekara ana jiran Yaya Lawal ya dawo daga kudu. Babu wanda ya tuna cewa layin da aka daɗe ba a taɓa shi ba, kamfani karɓewa yake ya sayar wa wani.

Sai da tawa wayar ta ɓata a kasuwa, na sayi sabuwa, imel ya ce ya tura lambobin zuwa layinki. Na je Kurfi na kunna wayarki, shiru.

Na kira lambarki, Inna. Namiji ya ɗauka.

Ba zan ɓoye miki ba, na zargi kowa. Na zargi Kawu, na ce sayar da layin ya yi. Na zargi mai gyaran waya da ya ce in ba shi lambar sirrina ya buɗe mini cikin minti biyar. Da na ji mai layin a Shema yake, nan kusa da mu, zargina ya ƙaru. Duk faɗin ƙasar nan, a ce layinki bai faɗa hannun kowa ba sai maƙwabci? Har yau ban gama yarda ba.

Abin haushin, shi ma bai yarda da ni ba. Sunansa Malam Sada, manomin wake. Ina cewa ya karanto mini lambobin da suka shigo, ya ce ai ya san irinmu, a rediyo ma an yi gargaɗi, ya kashe. Sau uku yana kashewa. Na zauna ina huci, sai kuma na gane cewa abin da nake roƙo shi ne daidai abin da 'yan damfara ke roƙo. Da ni ce ma, zagi zan haɗa.

A karo na huɗu ya ce idan da gaske nake, in zo da mijina ƙofar gidan mai unguwa, da rana tsaka.

Muka hau babur muka je. Dattijo ne siriri, ya riƙe wayar a ƙirji kamar za mu fizge. Ni ina kallon hannunsa, shi yana kallon jakata. Sai ya ce tunda ya sayi layin ake kiransa ana neman wata mata, in faɗi sunanta da sana'arta.

Na ce Tasalla mai daddawa.

Malam Sada ya miƙa wa mai unguwa wayar, na sa aka sake turo lambobin, mai unguwa ya karanto su ɗaya bayan ɗaya, imel ya buɗe. A nan gaban maza na kunna muryarki, na ji kina cewa in matso da tire, na yi kuka ban ji kunya ba.

Ashe masu sayen daddawarki daga Rawayau da Karofi har yanzu suna nemanki. Wata bakwai yana ce musu sun yi kuskuren lamba, wasu har faɗa yake musu. Da muka tashi tafiya ya biyo mu bakin hanya, ya tambayi ranar da kika rasu, ya ce daga yau duk wanda ya kira zai sanar da shi, su yi miki fatiha tare kafin ya ajiye.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya haskaka makwancinki, ya sa kina cikin ni'ima. Shi kuma bawan Allah da ke karɓar gaisuwarki bai taɓa ganinki ba, Allah ya yafe mini zaton da na yi masa.

Taki har kullum,
Rabi