Audugar Inna a Cikin Kwamfuta

Tsiga, Ƙaramar Hukumar Bakori.

Zuwa ga ƙanena Awaisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Fiddausi da 'yar lelenmu Kausar. Allah ya ƙara lafiya, ya ba ka sa'ar karatun da ya kai ka ƙasar mutane. Mu nan alhamdu lillahi, an yi girbin masara lafiya, audugar Gozaki ma ta yi kyau. Inna ƙafar ce dai ke ɗan taɓa ta, amma bakin nan nata yana nan garau.

To, zauna ka sha labarin tsohuwar kwamfutarka da ka bar mana. Bayan Inna ta fita takaba, wata rana ta ce min fuskar Baba tana nan a idonta, amma muryarsa ta fara ɓace mata. Nan na tuna bidiyon walimar aurenka yana cikin kwamfutar, kuma Baba ya yi jawabi a ranar. Ka san Inna ba ta ji shi ba, tana cikin gida da mata. Muka kunna, muka ga isowar baƙi, muka gan ka kana sunne kai cikin babbar riga, har Baba ya miƙe ya karɓi lasifika, sai ɗif, kwamfutar ta mutu. Washegari ma haka, daidai wurin. Na gwada jan hoton gaba, sai ta daskare gaba ɗaya. Inna ta ce a ƙyale, Malam, wato Baba, dama ba ya son a kalle shi, halinsa ne ya biyo shi. Ta faɗa da dariya, amma ni na ga idonta.

Ni kuwa ka san ni da naci. Na fara zargin batir, na bar ta a jone da wuta, ta mutu. Na aro cajar Malam Shitu maƙwabcinmu, ta mutu. Yaya Sabo ya ce bairos ne, cutar kwamfuta, muka goge duk wasannin ƙwallon da ka cika ta da su, kai da ka ce mana karatu kake yi! Duk a banza. Rannan don haushi na ɗauke ta na ɗora a cinya, ai kuwa ba shiri na sauke, kamar na ɗauki tukunya daga murhu. Sai a lokacin na dubi inda take zama. Ashe Inna matashi na musamman ta ɗinka mata, ta cusa auduga, wai kayan Auta ne, ba za a ajiye a ƙasa ba. Ko tana aiki sai ta rufa mata kyalle a baya kamar kwanon tuwo. Kuma a gefenta take zama ta yi shiɓar auduga da kaɗi.

Ranar kasuwa na kai ta Funtuwa wurin Mansur mai gyara. Da ya kwance bayanta, audugar da ya zaro daga fankarta ta isa a yi lagwanin fitila. Har ya tambaye ni ko a gona muke ajiye ta. Ya ce ƙofar iskarta ce ta toshe, idan zafi ya yi yawa sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ya share fankar, ya shafa sabon mai a inda take ɗaukar zafi, ya kuma kwafe bidiyon a filash, domin ya ce tsufa ya kama ta, kada mu sake jiki. Da na dawo na raba ta da matashin, na ɗora ta a kan tire. Inna ta yi ta mita wai na wulaƙanta kayanka.

Bayan la'asar muka zauna muka kunna bidiyon. Baba ya miƙe, ya karɓi lasifika. Kwamfutar ba ta mutu ba! Ya yi gyaran muryar nan tasa, ya gode wa jama'a, sannan ya ce duk wanda ya ga tarbiyya a wurin Awaisu, kada ya yaba masa, shi yana gona, uwar yaron ce ta yi aikin, ita za a sa wa albarka. Awaisu, Inna ta toshe baki da gefen mayafi, tana dariya hawaye na zuba. Ta ce a ji mutumin nan, duk zaman da suka yi bai taɓa faɗa mata ko da wasa ba, sai ya je ya faɗa wa mazan gari. Ta sa na maimaita har aka kira magariba.

Ka gaishe da Fiddausi, ka shafa min kan Kausar. Yaya Sabo da Rukayya da Gwaggo Aishatu ta Danja duk suna gaishe ku. Inna kuma ta ce in tambaye ka: kana zaune a wurin, da kunnenka ka ji, me ya hana ka zo ka gaya mata?

Taka yayarka,
Hansai