Ni Na Kama Yatsanta Na Dangwala

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sakat.

Ni mai waina ce a Agege, bakin layin dogo, kuma matan da ke sana'a a wurin sun san ba na tsoron uban kowa, ko 'yan tasha na sha wanke su tas. Shi ya sa da zaɓen ƙananan hukumomi ya matso, wani ɗan unguwarmu mai neman kansila ya zo wajena. Ya tuɓe babbar riga, ya zauna a bencina, ya ci waina da hannu yana ce mini Inna, wai shi ma da kuɗin koko aka raine shi. Wallahi har ƙwalla na yi. Na bi rumfa rumfa na tara masa mata, muka sha rana a layi, ya ci zaɓe.

Da ya hau sai ya aiko da takarda da tawada, wai mu dangwala za a gina mana shaguna. Lokacin ko sunana ban iya karantawa ba. Aminiyata Iya Rabi mai ƙosai ta ce a bari wani ya karanta mana tukuna, na hau ta da faɗa a gaban mutane, na ce baƙin ciki take wa yaron, ni da kaina na kama yatsanta na dangwala. Ba a jima ba katafila ta share rumfunanmu, aka yi garejin motoci. Ya ce umarni ne daga sama, har tausayinsa muka ji. Ni ya sama mini wani wuri. Iya Rabi kuwa talla take yi a Abule Egba da ƙafarta mai ciwo.

Bara na shiga ajin yaƙi da jahilci. Makon jiya na ɗauko kwafin takardar nan da aka ba ni daga ƙasan akwati, ni da malamarmu muka bi ta kalma kalma. Babu shago ko ɗaya a ciki. Cewa muka yi mun yarda mu tashi, ba ma neman komai.

Yanzu tazarce yake nema, ran Asabar zai tara mata, kuma ni za a miƙa wa lasifika. In na karanta takardar a taron zai ƙwace wurina, wannan bai dame ni sosai ba. Iya Rabi ce damuwata, ta aiko cewa za ta zo, tunda ni na kira matan. Jama'a, in fara zuwa Abule Egba in durƙusa mata, ko in bari ta ji a gaban mutane, inda na tozarta ta?