Ƙurjin da Ba a Ce Mana a Ciki Yake Ba

Zuwa ga:
Shugaban Asibiti,
Ta hannun Babbar Nas ta Ɗakin Yara.

Daga:
Mahaifin yaron da ke gadon kusa da taga, Ɗakin Yara.

21 ga Mayu.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: YADDA AKA YI MANA BAYANIN CIWON ƊANA, DA SHIRIN SALLAMARSA BA TARE DA SABON HOTO BA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kokena. Ni mai aski ne. Rabin rayuwata a kan kawunan mutane na yi ta, har ina cika baki a shago cewa babu abin da kai zai ɓoye mini. Yallaɓai zai ga inda wannan cika baki ya kai ni.

1. Autana ɗan shekara bakwai ne. Kunnensa na hagu ya daɗe yana zubar da mugunya. A watan Maris ya fara ciwon kai da amai da zazzaɓi. Duk zuwan da muka yi sashen da ake duba marasa lafiya su koma gida, maganin zazzaɓin cizon sauro ake ba mu. Mahaifiyarsa ta yi ta nuna kunnen, aka ce mata kunne layinsa daban.

2. Ranar 9 ga Afrilu aka ɗauki hoton kansa. Likitan ya duba, fuskarsa ta canja, ya yi wa nas magana cikin Turanci a bakin ƙofa, aka kira shi wani ɗakin ya tafi. Nas ɗin, wadda ba na neman a hukunta ta domin ita kaɗai ce a kan mutane cike da baranda, ta juyo ta ce mana ƙurji ne a kansa, mu je mu nemi gado. Muka je, babu gado.

Ranka ya daɗe, a wurinmu ƙurji abu ne da ke fitowa a fata, ya nuna, ya fashe, a manta da shi. Mahaifiyarsa har hamdala ta yi, ta kira yayarta ta ce ashe abin da sauƙi. Wa zai kwana a baranda yana jiran gado saboda ƙurji? Muka koma gida. Na zaunar da yaron a kujerar shago, na yi masa aski tas, na bi kan nan da yatsa daga goshi har ƙeya. Ko ƙwarzane ban samu ba. Sai na sanar da iyalina, da muryar gwani, cewa injin asibiti ne ya yi kuskure. Suka yarda, domin a gidanmu ni ne masanin kai.

Babu wanda ya ce mana a ciki yake. Kalma ɗaya ce, Yallaɓai.

3. Ranar 16 ga Afrilu ya faɗi a tsakar gida yana jijjiga. A ranar likitan tiyata ya huda ƙoƙon kansa ya zuƙe mugunya daga cikin ƙwaƙwalwa. Shi ne ya zaunar da ni ya yi mini bayani da Hausa: ciwon kunnen ne ya ci ya shiga ciki, ya taru, yana danne ƙwaƙwalwar. Ya tambaye ni dalilin da ya sa muka yi mako guda a gida. Na faɗa masa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi.

Ina gode masa, yaron yana raye. Amma hannunsa na dama ba ya riƙe cokali, kuma magana sai ya laluba ta. Yaron da yayyensa ke kira Rediyo.

4. Likitan tiyatar ya ce allurar jijiya da ake yi wa yaron ta mako shida ce, kuma kafin a tsayar da ita sai an sake hoto an ga ko mugunyar ta sake taruwa. Yanzu yana hutu. A zagayen likitoci na jiya aka ce mana za a sallame mu ranar Juma'a da ƙwayoyin sha, saboda ana bukatar gadon, hoton kuma sai an gyara injin, wai ya lalace. Da na yi magana, wani matashin likita ya ce in kwantar da hankalina, ai yaron ya yi kyau. Na duba shi ni ma, ya yi kyau. Haka ya yi mini kyau a kujerar shago.

Saboda haka nake roƙon Yallaɓai, cikin ladabi:

(a) A dakatar da sallamar har allurar ta cika.
(b) A sake hoton, ko a ba mu takarda zuwa inda injinsu ke aiki.
(c) A umarci ma'aikata su riƙa cewa mugunya ce a cikin ƙwaƙwalwa, su kuma ce tana kisa. Iyaye za su firgita. Gara su firgita.

Na san ofishin Yallaɓai yana da tsarinsa, kuma takarda kan ɗauki lokaci kafin ta iso tebur. Ina dai sanar da shi cewa yau da safe yaron ya amayar da abin karin kumallonsa, kuma tun ɗazu yake rufe idonsa daga hasken taga. Mahaifiyarsa ta tambaye ni ko wannan wani abu ne. Na daina ba da amsa a kan abin da ya shafi kai.

Ina jiran umarnin Yallaɓai kafin Juma'a.

Naka cikin biyayya da girmamawa,

(sa hannu)
Mai aski, mahaifin yaron.