Lambar Kaka a Takardar Kilishina

Zuwa ga Yaya Idi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, yaya zaman baƙunta? Ina Hadiza da yara? Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Yaya, ka san lambar shanunmu ta Kaka, jinjirin wata da zane uku, wadda nike bugawa a takardar naɗe kilishina. To, wani mahauci a tashar Madawa, Sani, ya sa an sassaƙa mishi hatimi irin nawa sak. Ban sani ba sai da wata mata ta maido min kilishi mai hunhuna tana faɗa. Da na iske shi, sai ya ce, "Habu, wata na Allah ne. Kana da takarda?"

Kawu Bala ya ce in bar shi da Allah, in sake lamba. Wallahi ba ni sakewa! Lambar da ta girmi ubanshi?

Na hau mota sai Yamai. A biro, wato ofishin rajistar lamba, sunka ce wanda ya riga ajiye dosiye, wato takardun nema, shi ke da lamba a doka, ko kakan wa ya fara ta. Na ce su duba min. Anka duba, ashe Sani bai zo ba. Na ba da zanen, anka ba ni takardar shaida mai kwanan wata, kafin babbar takardar mallaka ta fito.

Jiya na kai mishi ita har teburinshi. Na ce, "Ga takardar da ka tambaya. Saura kai, nuna min saniya guda ta gidanku mai wanga wata a cinya."

Ka sa mu a addu'a, babbar takardar ta fito lafiya. Gai da Hadiza.

Ƙanenka,
Habu