Audugar Ona a Kafar Iska

Zuwa ga yayata, Zulhumor opa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya ƙara miki ƙarfi da haƙuri, Ya ba tsohuwar da kike jinya a can Istanbul sauƙi. Mu nan Guliston muna nan dai. Matata Mavluda ta rabu da ciwon haƙorin nan, yara suna makaranta, ƙanƙara kuwa tun farkon wata ta sauka ta ƙi narkewa. Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba na iyawa. Da na ji muryarki sai in ce komai lafiya, kuma wata uku ke nan ina yi miki wannan ƙaryar.

Maganar mahaifiyarmu Ona ce. Kin tuna bayan an gama tsinkar auduga na ce miki na je ƙauye na sa wa Ona sabon murhun gas na ɗumama ɗaki? Wallahi opa, shekara ashirin da biyu ina wannan sana'a ta haɗa murhun gas, ban taɓa zuba wa aiki ido kamar wannan ba. Bututun hayaƙi na miƙe shi sak har ya zarce rufi, na liƙe kowace gaɓa, na sa masa hula saboda ƙanƙara da tsuntsaye. Na huda kafar iska a ƙasan bango, don ita ma wuta numfashi take yi, in aka hana ta sai ta fitar da iskar nan mai kisa wadda ba ta da wari. Na ƙyasta ashana a bakin bututu, ya zuƙe harshenta ciki. Wuta ta tashi shuɗiya, na koma gida hankalina kwance.

Kwana huɗu na dawo na tarar wuta ta koma rawaya, gilashin taga yana zufa, kafar iska kuwa an danƙare ta tam da auduga. Kin san hannun Ona, shekara hamsin tana cusa auduga a katifa da bargo, abin da ta toshe sai da ƙugiya ake zaƙulo shi. Da na yi magana, sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce wai wane irin usta ne ni, wane irin gwanin aiki, da zan huda wa mutane bango ana tsakiyar sanyi, ko ba ni da 'ya'ya ne? Wai tana da jariri mai ciwon ƙirji, sunansa Nematjon, iska kaɗan ke tayar masa da tari. Opa, ina tsaye a gabanta da furfura a gemu, tana ba ni labarin kaina! Tun ranar ba ta sake kirana da sunana ba, ta ɗauke ni ma'aikacin da aka kira daga gari.

Babu dabarar da ban yi ba. Na sa raga a kafar, ta riƙa tura auduga ta idon ragar da tsinken saƙa, ƙulli ƙulli, har ta cike ta. Na toshe wannan na huda wata can sama kusa da rufi, ta tara barguna a kan akwatin aurenta ta hau, mace mai shekara saba'in da takwas. Na kawo ƙaramar na'urar nan mai ƙara idan iska ta ɓaci. Da ta yi ƙara, sai Ona ta naɗe ta a tsumma ta tura ƙasan akwati, wai wannan abin banza zai tashe mata yaro. Na bar aikina na tare a wurinta mako biyu. Kullum sai ta miƙo mini hulata ta ce, usta, ka ci abinci ka sha shayi, yanzu sai ka kama hanya, maigidana ba ya nan, me kake so mutanen unguwa su ce? In na fita masallaci minti goma, kafin in dawo ta gama aikinta. Har dariya nakan yi, in koma bayan ɗaki in yi kuka.

Ranar Talatar da ta wuce abin da nake tsoro ya faru. Akwai wata 'yar ƙofa a gindin bututu inda nake kwashe baƙin hayaƙi, ban taɓa zaton za ta lura da ita ba. Ashe ta ji iska tana fito a wurin, ta buɗe ta cusa rabin matashin kai. Da hantsi maƙwabciyarmu Hosiyat ta kawo mata burodi mai zafi, ta yi sallama shiru. Ta tarar da ita zaune ta jingina da bango, allura a hannu, ido a lumshe. Salwar nan da Baba ya bari a kejin ƙwarya ta riga ta mutu. Hosiyat ta jawo ta waje kan ƙanƙara tana ihu. Kwana biyu muka yi a asibiti. Likita, da ya ji sana'ata, kallona kawai ya yi, ni ma na sunkuyar da kai.

Na yanke gas ɗin, na cire murhun da hannuna. Kada ki ce na lantarki, kin san yadda wuta ke yi a ƙauye da sanyi, awa uku ta zo, yini guda ta tafi. Gawayi kuwa ya fi gas haɗari. Yanzu tana ɗakin Hosiyat, Hosiyat ɗin ma ta ce mini, uka, ƙanena, ni tsohuwa ce, ba zan iya gadin uwarka da bangona a lokaci ɗaya ba. Gaskiyarta. Don haka ranar Juma'a bayan an sauko zan ɗauko Ona zuwa gidana, hawa na huɗu, inda babu tsakar gida, babu kurangar inabin Baba, kuma daga taga ba a hango maƙabarta. Na san ni da ke muka riƙe hannun Baba muka yi masa alkawari ba za a fitar da ita daga gidan nan ba sai a makara. Ni zan karya alkawarin. Ba aiken kuɗi nake nema ba, ba kuma cewa nake ki baro aikinki ba, don ko kin zo ba za ta gane ki ba. Ki yafe mini kawai, ki ce kin yarda. Ba na jin za ta ga bazara a gidana, opa, amma a ƙauye ko ƙarshen wata ba za ta gani ba.

Jiya na je haɗa kayanta. Ta hango rigata ta sanyi ta yage a gwiwar hannu, ta ce in tuɓe. Ta zauna ta cusa auduga ta ɗinke tsaf, tana mita wai matata ba ta kula da ni, ita in Nematjon ɗinta ya girma ba za ta bar shi yana yawo haka ba. Sannan ta tambaye ni yaushe zan kunna mata wutarta, yaro yana jin sanyi. Na ce mata ranar Juma'a.

Ki gaishe mini da Dilrabo 'yar kawu da mijinta Sanjar idan kun haɗu. Mavluda da yara suna gaishe ki, goggo Muattar ma ta ce tana sa ki a addu'a. Na tambayi Ona ko tana da saƙo zuwa ga Zulhumor. Ta ce in gaya miki idan kin dawo daga makaranta ki ja ƙofa da kyau, kada iska ta shigar wa ƙaninki.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninki,
Nematjon