Zumar Masu Dubiya

Haɗeja, damina, 1954

Zuwa ga Yaya Haladu,

Gaisuwa da ladabi. Ina fatan kana lafiya a Kano.

Zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba: tsoro nake kada a yanke wa Kaka ƙafa. Malamin asibiti ya ce ciwon sukari ne ya hana gyambon ƙafarta warkewa. Ya ce ban da zaƙi, a rage shinkafa, a yawaita kifi da wake da zogale. Ina dafawa, tana ci. Masu dubiya ne suka ishe ni! Wannan ta kawo zuma, waccan nakiya, mutanen Kirikasamma har da damin rake. Kaka kuwa sai ta ɗanɗana a gaban kowa, wai kada a ce ta raina kyauta. Ni ka san ni, in manya na zaune bakina ba ya buɗuwa.

Don Allah ka yi mata magana. Taka take ji.

Ƙanwarka,
Huseina

*

Zuwa ga Huseina,

Bayan gaisuwa mai yawa, takardarki ta iso. Ke dai akwai ki da tada hankali. Mara lafiya ba ya son ganin fuska a murtuke, ki riƙa sa ta dariya. Ki gaishe min da tsohuwar matata, ki ce mijinta bai manta da ita ba. Ga madarar gwangwani biyu nan na ba direba, dubiyata ce.

Yayanki,
Haladu

*

Yaya,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Ka karanta takardata kuwa? Madarar nan ta fi zuma zaƙi! Kaka ta fasa ɗaya a gaban baƙi. Na matsa na ce a hankali, "Ƙafarki fa?" Ta ce, "Ƙafar ce za ta sha? Kauce, 'yar baƙin ciki, mijina ya aiko daga birni." Kowa ya kwashe da dariya. Dariya ba ita muka rasa ba a gidan nan.

Washegari ko bakin randa ta kasa kaiwa. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Huseina, ba kwaɗayi ba ne. Da wane ido zan mayar musu?"

Ka huta lafiya,
Huseina

*

Yaya,

Gaisuwa. Gobe matan Kafin Hausa za su zo. Na mai da tabarmata bakin ƙofar ɗakin Kaka. Duk kwanon da ya shigo ni zan karɓa, in ɗanɗana a madadinta, in yi godiya da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ban gaya mata ba.

In za ka sake aike, aiko wake.

Huseina