Sirinji a Shagon Jaji

Yashe, Lahadi

Ƙanena Zainul Abidin,

Assalamu alaikum. Ya aikin asibiti, ya su Kamila? Na ba direban kasuwa takardar nan saboda maganar ba ta waya ba ce.

Yau kwana hamsin da rasuwar ɗana. Shagonsa na bakin zaure ni na kulle shi ran sadakar bakwai, makullin yana ɗaure a bakin zanena. Ran Laraba na buɗe zan ɗauko buhu, sai ga sirinji bisa tabarmarsa, da ɗigon jini bai gama bushewa ba. Na share, na kulle. Jiya kuma guda biyu na iske, an jera su kai da kai yadda yake jerawa. Kuma da hantsi, in kowa ya tafi gona, ina jin tari daga ciki, irin nashi, sau biyu sannan a ja numfashi. Malam ya yi tofi na yayyafa, ba abin da ya sake.

Kai ka san sha'anin allura. Me yake nema?

Yayarka,
Kubura

Kankia, Talata

Yaya Kubura,

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Jaji, Ya ƙara mana haƙuri.

Kada ki ƙara taɓa su da hannu. Ki ɗauka da awartaki ki zuba a gorar roba mai kauri, ki rufe. Jaji yana kabarinsa, Yaya, ni na kama shi aka saka. Mai shiga shagon nan rayayye ne, kuma tsofaffin alluran Jaji yake tonowa.

Dole in faɗa maki abin da ya roƙe ni in ɓoye. Wata shida kafin ya rasu ya zo wurina a yi masa gwaji, aka same shi da cuta mai karya garkuwar jiki. Ya ƙi shan magani, ya kasa barin penta, allurar kashe ciwon nan da ya mayar ta maye. Shi ya sa duk mako nake ba shi sababbin sirinji, don kada ya yi karɓa-karɓa da abokai ya shafa masu.

Ga kwali nan na aiko. Ki ajiye shi bisa tabarmar, da takardar da na sa lambata. Ko wane ne, ina son ya kira ni.

Ƙanenki,
Zainul Abidin

Yashe, Asabar

Zainu,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Ashe kai ne kake miƙa mashi abin da zai soki kansa, kana zuwa gidan nan kana cin tuwona. Kwana biyu kwalin yana bayan randa, na rantse sai na jefa shi masai.

Ban jefa ba. Na ajiye, na ce zan tafi Kusada dubiya, na zagayo na laɓe bayan rumbu. Gari tsit, ko kaza ba ta motsi. Na ji tarin. Can kuma sai ƙarar buɗe kwaɗon ƙofa. Na leƙa, sai na ga farin mayafi yana shiga.

Rauda ce, matarsa. Tana cikin takaba, da cikinta wata biyar. Makullinsa na biyu ne a hannunta.

Na iske ta durƙushe, ta naɗe hannun riga. Ta ce, "Inna, ki kashe ni kawai." Na ce, "Tun yaushe?" Ta ce tun ɓarin da ta yi bara, da ciwon mara ya hana ta sakat, shi ya fara yi mata. Na miƙa hannu zan fizge, sai na ga tsohuwar allurar ce, ta yi tsatsa. Zainu, da hannuna na yage mata sabuwa. Allah Ya yafe mani.

Kubura

Kankia, Litinin

Yaya,

Fushinki na karɓa, ban da ta cewa. Abin da kika yi daidai ne. Kada ki raba ta da penta lokaci guda, cikin zai iya taɓuwa. Akwai yadda likita ke janye mutum a hankali. Ki kawo ta ran Alhamis da sunan awo, ba wanda zai ji. Ko an same ta da cutar, akwai maganin da ke kare abin da ke cikinta, in an fara da wuri.

Ki gaishe ta, ki ce kawu bai yi fushi ba.

Zainul Abidin

Yashe, Juma'a

Zainu,

Mun iso gida lafiya. An same ta da cutar. Ta sha ƙwayar farko a gabana, ba ta yi kuka ba, ni na yi.

A mota na ce mata ta daina jera alluran nan kai da kai, suna tayar mani da hankali. Ta dube ni ta ce ita sau ɗaya tak ta taɓa barin allura a shagon, ran Larabar da na fara ganin sirinji, sauran a masai take jefawa. Kuma ba ta tari. Ita ma tana ji, shi ya sa take jira ya yi shiru kafin ta shiga.

Da muka dawo na duba kwalin. Muna Kankia an ɗebi huɗu, an tafi da takardar lambarka. Na cire kwaɗon gaba ɗaya, ko wane ne ya shiga ya ɗauka. In baƙuwar lamba ta kira ka, ka ɗauka, ko ba a yi magana ba kada ka kashe.

Ka aiko da wani kwalin.

Yayarka,
Kubura